A Tuna Da Fatake Kafin A Yanka Kuɗin Jirgin Ƙasa

A watan Disamba na shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar cewa duk mai son shiga jirgin ƙasa daga ranar 21 ga watan har zuwa 4 ga Janairun 2024, to ya shiga kyauta, albarkacin bukukuwan ƙarshen shekara. Da shekara ta zagayo aka sake maimaita wannan karamci. Jama'a sun yi murna, kuma ba ni da ja a kan murnarsu, domin kuwa a wannan zamani duk abin da ya rage wa talaka nauyi abin a yaba ne. To amma fa mai karatu ya tsaya ya dubi waɗanda suka ci moriyar abin. Ma'aikaci ne da zai je gida hutu daga Abuja zuwa Kaduna, ko daga Legas zuwa Badun. Ɗan kasuwar da ke zaune a Koki ko Bakin Ruwa ko Madabo a cikin birnin Kano, wanda tafiya ita ce sana'arsa tun daga kakanninsa, a rediyo ya ji labari. Abin da nake son in jawo hankalin hukuma da shugabannin kasuwanninmu a kai shi ne, idan har akwai wanda ya cancanci a yi masa ragi tsayayye a jirgin ƙasa, wanda ba sai an jira biki ba, to wannan mutumin ne. Kuma lokacin da ya dace a yi maganar shi ne kafin a yanka kuɗin tafiya a sababbin layukan da za su haɗu a Kano.

Kalmar da ta dace da abin da nake nufi ita ce rangwame, kuma ina so a lura da ita da kyau, domin Bahaushe bai ajiye ta wuri ɗaya da kyauta ko sadaka ba. Kyauta ta mai hali ce, yakan yi ta ran da ya ga dama, ya bari ran da ya ga dama. Rangwame kuwa kalmar kasuwa ce, 'yar'uwar tayi da sallamawa da gyara da la'ada. Mai kanti ba ya yi wa baƙon da ba zai sake gani ba rangwame, sai dai wanda ya saba da shi, wanda yake so gobe ma ya dawo, ya kuma jawo wani. Wato ragi ne da mai sayarwa yake yi da lissafin cewa ribar tana gaba. Abin da gwamnati ta yi a ƙarshen shekarun nan biyu kyauta ce. Abin da ɗan kasuwa yake bukata daga Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya rangwame ne, irin wanda hukumar kanta za ta ci ribarsa.

Ba sabon abu ba ne a duniya. A Ingila, tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, akwai wani rukuni na ma'aikata da kamfanoni suke turawa gari-gari ɗauke da samfurin kayansu, suna nuna wa masu kantuna, suna rubuto odar abin da ake so. Kamfanonin jiragen ƙasa na can sun ware wa waɗannan masu tallan tikiti na musamman mai rahusa, wanda mutum zai koma gida wajen iyalinsa a ƙarshen mako ya dawo bakin aiki, tare da sassauci a kan ajiyar akwatunan samfurinsu a tasha. Da yaƙi ya ɓarke a 1914 gwamnati ta karɓe ragamar jiragen, aka yi ta janye tikitoci masu rahusa, sannan a watan Janairun 1917 aka ƙara kashi 50 cikin ɗari a kan kuɗin fasinja don a rage yawan masu tafiya. Bayan an ajiye makamai a 1918, ƙungiyar masu tallan ba ta zauna tana jiran tausayi ba. Ta yi ta bin kamfanoni da 'yan majalisa da hujja guda, cewa kowane ɗayansu da ya shiga jirgi da akwatin samfur, taragun kaya ne suke biyo bayansa, kuma ƙasar da take son ciniki ya farfaɗo bayan yaƙi ba za ta tsauwala wa masu nemo cinikin ba. Daga bisani aka mayar musu da tikitinsu.

Namu masu tafiyar sun girmi waɗancan nesa ba kusa ba. Tun kafin Bature ya san hanyar Kano, fatake suke haɗa ayari daga wannan birni su nufi Gwanja sayen goro, tafiyar da kan ɗauki watanni, su tafi da kanwa da baƙin rini da fatu da tufafi, su dawo da huhunan goro a kan jakuna. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan fatauci. Abin da yake burge ni a matsayina na ɗalibin harshe shi ne yawan kalmomin da suka bar mana, waɗanda suke nuna cewa abin tsararre ne: akwai madugu mai jagorancin ayari, akwai jagaba mai shiga gaba, akwai uban dawaki, akwai zango inda ake yada dare, akwai fatoma mai masauki, wanda zai ajiye baƙo da kayansa, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Madugu shi ne yake zama da sarakunan hanya a daidaita abin da ayari zai biya kafin ya wuce. Ke nan neman ragin kuɗin hanya a ƙungiyance tsohuwar al'adar fataucin Hausa ce, ba aro za mu yi ba.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, gwamnatin Lugga ta ɗora wa ayarori harajin hanya, aka yi ta kuka da shi har aka soke shi a 1907, zamanin Gwamna Girouard. Shi wannan Girouard injiniyan jirgin ƙasa ne, kuma shi ya tsaya kai da fata a kan shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano. Layin ya iso a 1911, aka buɗe zirga-zirga har Legas a 1912. Bahaushe ya dubi wannan baƙon abu ya raɗa masa sunan abin da ya sani a kan ruwa, ya ce jirgi ne amma na ƙasa, ya ari tasha da tikiti da fasinja daga bakin Turawa ya gyara su daidai harshensa. Sai dai a lura da inda aka ajiye tashar. Ba a kawo ta kusa da Kasuwar Kurmi ba, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. A wajen ganuwa aka kafa ta, ta gabas, inda aka yanka wa kamfanonin Turawa filaye suka jera kantunansu da rumbunansu a bakin layi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum wanda aka yi jirgin dominsa.

Auduga Turawan suka sa rai za su riƙa kwasa zuwa masaƙun Ingila. Gyaɗa ce ta fito, kuma masana tarihin tattalin arziki irin su Jan Hogendorn sun nuna cewa fataken goro na cikin birni ne suka juya akalar. Su suke da yara a ƙauyuka, su suke da amanar manoma, su suka raba kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka a kan a biya su da gyaɗa. Marigayi Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa, da goro ya fara, yana sayowa daga ƙasar Gwanja da Kumasi, ya gane cewa ya fi sauƙi a ɗoro shi a jirgin ruwa zuwa Legas sannan a hau da shi jirgin ƙasa, kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa. Irinsu Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo duk a wannan zamani suka yi tashe. Abin nufi, layin da aka shimfiɗa ba don su ba, su ne suka cika masa taragunsa. Hujjar da masu tallan Ingila suka kafa da baki, fataken Kano sun tabbatar da ita a aikace tun kafin a yi wancan yaƙin.

To me suka samu bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo baya? A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu suke kira yaƙin Hitila, gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe sayen amfanin gona, ta raba kason fitar da kaya bisa yawan abin da kowane kamfani ya saba fitarwa kafin yaƙi. Ma'anar wannan a fili take: manyan kamfanonin Turawa, da UAC a kan gaba, su suka kwashe kason, ɗan ƙasa ya tsaya a matsayin yaronsu. Jirgin kansa ya fito daga yaƙin a galabaice, injuna sun tsufa, ba kayan gyara, taragu sun yi kaɗan. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta, irin waɗanda aka jera daura da Ƙofar Mazugal, tana da fuska biyu. Shaida ce ta ƙwazon manomi, haka kuma shaida ce ta gazawar jirgi, domin buhunan sun taru ne suna jiran tarago, wani lokaci har wata kakar ta riske su. A irin wannan hali, da gwamnati take neman kowane tarago don gyaɗar da Ingila take jira, mai huhun goro goma ko ɗan koli mai akwati biyu ba shi ne abin dubawa ba. Sojojin da suka dawo daga Bama, da yawansu sun koyo tuƙi a soja, sai ga motocin haya suna ƙaruwa a kan hanya, ƙaramin ɗan kasuwa ya fara komawa can.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙarasa abin da ya rage. Tun daga rikicin 1966 ɗimbin ƙwararrun ma'aikatan reluwe 'yan Gabas suka bar Arewa, layin Fatakwal ya yanke, kayan Arewa duka suka koma kan layin Legas. Da aka gama yaƙi Janar Gowon ya yi shelar sulhu da sake gini da farfaɗowa, kuɗin mai suka shigo, amma tituna aka fi zuba wa. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kawar da babban kayan da jirgin yake ɗauka daga Kano. Da an riƙe ƙananan 'yan kasuwa tun farko, da su ne za su cike wani ɓangare na giɓin, sai dai sun riga sun saba da mota. Sauran labarin sananne ne. An kawo Indiyawa a 1979, an kawo 'yan Sin a 1995, an ba da kwangilar sabon layin Legas zuwa Kano a 2006 aka dakatar da ita a 2008, an dawo da jirgin fasinja a tsohon layi a watan Disamban 2012 da kaɗe-kaɗe, ya yi 'yan shekaru yana jan jiki.

Wani zai ce ai yanzu ba a bayan yaƙi muke ba. Ni kuwa ina ganin duk wanda ya san abin da ɗan kasuwar Arewa ya gani tun daga 2009 ba zai yi gardamar suna ba. Hanyar Maiduguri, wadda take kai kayan Kantin Kwari har Chadi da Kamaru, ta yi shekaru tana cin rayuka da dukiya. Ranar 20 ga Janairun 2012 Kano kanta ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Hanyar Birnin Gwari da ta Funtuwa zuwa Gusau da ta Jibiya suka zama wuraren da mutum yake sallama da iyalinsa kafin ya bi. Jirgin ma bai tsira ba, domin an kai wa na Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris 2022, ya tsaya har watan Disamban shekarar. A kan wannan aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, aka kuma janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023. Babban attajiri yana da hanyar da zai bi ya sha. Wanda jarinsa bai wuce abin da zai saro atamfa turmi ashirin ko takalma buhu biyu ba, shi ne kuɗin mota da na shingayen kan hanya suke cinye wa riba, wani ma har uwar kuɗin. Da yawa sun daina fita. Kasuwar ƙauyen da suke kai wa kaya ita ma ta ji a jikinta.

A cikin wannan hali ne aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, da na Kaduna zuwa Kano a watan Yulin shekarar. Mai karatu ya dubi garuruwan da na Maraɗi zai ratsa: Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, da reshe zuwa Dutse. Wannan ai jerin kasuwanni ne, kusan sawun da jakunan fatake suka bari. Tsorona shi ne a sake yin abin da aka yi a 1911 da sabon salo. Wanda ya shiga jirgin Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, ya san fasinjan da aka yi wa tanadi: mai 'yar jakar hannu da waya, wanda mota take jiransa a Idu ko Rigasa. A ɗaya gefen kuma ana ta maganar kwantena da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Zawaciki a 2023, wato harkar mai shigo da kaya daga Sin. Duka biyun suna da amfani. Amma tsakanin mai jakar hannu da mai kwantena akwai mutum na uku, wanda shi fasinja ne kuma shi ne mai kaya, kuma shi ya fi yawa a Kano. A nan ne ma muka bambanta da Ingila, domin nasu samfur yake ɗauka, namu kuwa hajar ce gaba ɗaya a tare da shi.

Saboda haka ragin kuɗin kujera kaɗai ba zai wadatar ba. Abin da ya kamata a nema shi ne katin ɗan kasuwa, na wata uku ko na shekara, wanda zai ba mai shi ragi a kan tikiti, ya kuma ba shi damar shiga da kaya har zuwa wani nauyi da aka ƙayyade a taragon kaya da ke jone da jirgin da yake ciki, a auna a ba shi rasit tun daga tasha, ba tare da ciniki da wani ma'aikaci a bakin ƙofa ba. A samar da ɗakin ajiya mai rahusa a manyan tashoshi, wanda shi ne zai tsaya a matsayin fatoma. Sannan a tsara lokutan tashi da sanin ranakun kasuwa, domin jirgin da zai isa Dambatta da la'asar ranar Lahadi bai amfani mai zuwa cin kasuwa da komai ba. Kada kuma a manta da mata. Hajiyoyin da suke saro kaya su rarraba wa dillalai a cikin gidajen birni suna cikin waɗanda wahalar mota ta fi taɓawa, kuma su za su fi kowa riƙe jirgi idan ya ba su natsuwa.

Na san abin da za a ce. Na farko, hukumar jiragen ba ta da kuɗi, ga bashin da aka ciwo don gina layukan. Gaskiya ne, amma kujerar da ta tashi ba kowa a kanta ranar Talata asara ce da ba a mayarwa, kuma ɗan kasuwa ba ranar Juma'a da yamma yake tafiya ba, lokacin da ma'aikata suke turereniya. Ana iya taƙaita rangwamen ga ranaku da jiragen da ba su cika ba. Wanda yake tafiya sau huɗu a wata da ragi, yana kuma biyan kuɗin kaya, ya fi wa hukuma amfani a kan wanda yake zuwa sau biyu a shekara. Na biyu, za a ce waya ta rage tafiya, yanzu mutum yakan tura kuɗi a ɗoro masa kaya a tasha. Haka ne, sai dai wanda ya san Kwari ya san cewa ba a ba baƙon murya bashi, kuma ba a karɓo tsohon bashi ta waya. Ido wa ka raina, in ji masu iya magana, wanda nake gani yau da gobe. Haka ita ma amana, da yawan gani take ƙulluwa.

Ƙorafi na uku shi ne mai nauyi, kuma ba zan raina shi ba: da zarar an ce akwai ragi, kowa zai wayi gari ɗan kasuwa, katin ya koma hannun 'yan siyasa da 'yan cuwa-cuwa, kamar yadda aka sha fama da masu sayar da tikiti ta bayan fage a layin Abuja kafin a koma sayarwa ta intanet a 2021. Wannan haɗari ne na gaske, kuma idan aka bar wa ofishin gwamnati shi kaɗai tantancewa, to an gama. Amma babu kasuwa a Kano da ba ta da shugabanni, babu layin da ba a san na wane ne ba, daga Kurmi zuwa Ƙofar Wambai, daga Singa zuwa Dawanau da 'Yan Goro ta Mariri. Ƙungiya ta tsaya wa ɗanta, a haɗa katin da lambarsa ta ɗan ƙasa, wadda dama an fara neman ta wajen sayen tikiti tun bayan harin 2022, kuma ƙungiyar da aka kama tana sayar da suna a dakatar da 'ya'yanta duka na wani lokaci. Tsoron jawo wa 'yan layi asara ya fi tsoron ɗan sanda tasiri a kasuwa. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a mayar da katin wata hanyar tatsar haraji, domin ranar da ɗan kasuwa ya ji ƙanshin haka, ba za a sake ganinsa a tasha ba.

Saura wa zai ɗauki maganar. Gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 ya fitar da harkar jirgin ƙasa daga hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai, ya ba jihohi damar shiga. Ke nan gwamnatocin Kano da Jigawa da Katsina ba su da uzurin cewa abin na Abuja ne. Suna iya zama da hukumar jiragen su ɗauki wani kaso na ragin, kamar yadda suke ɗaukar nauyin wasu abubuwan da ba su kai wannan amfani ba. Amma ba na tsammanin wani gwamna zai fara tunanin da kansa. Cibiyar ciniki da masana'antu ta Kano, wato KACCIMA, da shugabannin kasuwannin birni da kewaye su ne madugan wannan zamani, kuma aikin madugu ne ya isa wurin mai hanya kafin ayari ya iso. Su rubuta bukatarsu da lissafi: mutum nawa ne suke fita a mako, ina suke zuwa, nawa suke kashewa a mota, kaya nawa suke ɗauka. Su kai wa Ma'aikatar Sufuri da 'yan majalisarmu na tarayya tun ana tsara taragun da za a sayo da fasalin tashoshin, domin taragon kaya da ɗakin ajiya ba abubuwa ba ne da ake liƙawa bayan an yanke ƙyalle an watse.